Gidauniyar Wikimedia: mu muke rubutun, su suke karɓar gudummawar, ga yadda na gan su

Wani abokina ne ya ja ni yin wannan rubutun. Ya same ni da dare wajen ƙarfe ɗaya saura na duƙufa kan laftop ina fama da wata maƙala a Wikipedia, madogara ɗaya ce ta ƙi zama, duk sanda na duba sai in ga jan rubutu a ƙasan shafin wai akwai kuskure. Ya leƙo ya ce wai nawa suke biyanka ne kake hana idonka barci haka? Na ce ko sisi. Ya yi min wani irin kallo, ya ciro wayarsa ya nuna min saƙon nan da ke fitowa a saman shafi ana roƙon gudummawa, ya ce to wannan kuɗin da ake tarawa aljihun wa yake shiga? Kafin in buɗe baki ya riga ya yanke hukunci, wai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na yi dariya a lokacin amma gaskiya maganar ta tsaya min a rai, dan ni kaina na sha yi wa kaina wannan tambayar. Shekaruna da dama ina gyara a Wikipedia, ta Hausa da ta Turanci, ina ɗan taɓa Commons (rumbun hotuna da bidiyo na Wikipedia) da Wikidata (rumbun bayananta), to na ga ya kamata in zauna in faɗi yadda na ga aikin gidauniyar da ke riƙe da waɗannan shafukan, kamar dai yadda mutum zai faɗi ra'ayinsa kan duk wani waje da yake hulɗa da shi kullum.

Abu na farko da mutane da yawa ba su gane ba, Wikipedia daban, Gidauniyar Wikimedia daban. Wikipedia ce ma babba, Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ta ranar 15 ga Janairun 2001, gidauniyar kuwa sai a Yunin 2003 Wales ya kafa ta a Florida, daga baya ta koma San Francisco. Ƙungiyar agaji ce da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar Amurka, ba ta da masu hannun jari, ba riba ake rabawa ba. Kuma ba ita ke rubuta maƙaloli ba. Ma'aikatanta ba sa zama su ce yau a rubuta kaza gobe a goge kaza. Wanda ya goge maka shafi ɗan sa kai ne irinka, wanda ya toshe maka akawun shi ma haka, admin ne da sauran editoci suka zaɓa, ba albashi yake karɓa ba. Gidauniyar kamar mai gida ce da ya ba da gini, ya ja wuta, ya sa mai gadi a ƙofa, ya ce ku shiga ku yi aikinku. To idan za a auna ta sai a auna ta da wannan, shin wutar na ɗaukewa, mai gadin na barci, kuma idan mazauna gidan suka ce ɗaki na yoyo ana jin su?

Maganar wuta dai yabon gwani ya zama dole. A duk shekarun nan da ƙyar zan iya tuna ranar da na buɗe Wikipedia ta ƙi buɗewa. Shafi ne da ke cikin waɗanda aka fi shiga a duniya, harsuna sama da 300, ta Turanci kaɗai ta haura maƙala miliyan 7 a 2025, Commons ta wuce fayil miliyan 100, amma ko netwok ɗinka na jan ƙafa shafin zai buɗe, saboda babu tarkacen talla da bidiyon da ke kunna kansa. Manyan sabobinsu (saba ita ce kwamfutar da ke ajiye shafukan) suna Virginia da Texas, sannan akwai wasu ƙananan cibiyoyi a Amsterdam, Marseille, Singafo, San Francisco da São Paulo da ke ajiye kwafin shafukan kusa da masu karatu dan kada saƙo ya yi doguwar tafiya. Tun 2015 suka mayar da duk shafukan kan HTTPS, ma'ana kamfanin da ke ba ka intanet zai iya ganin ka shiga Wikipedia amma ba zai ga wace maƙala kake karantawa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke neman bayani kan wata cuta da yake jin kunyar faɗa, ko kan siyasar ƙasar da ake kama mutum kan abin da ya karanta. Babu talla, ba a sayar da bayananka, ba a ce sai ka yi rajista kafin ka karanta. Ku duba wayarku ku ƙirga manhajoji nawa ne za su iya faɗin haka.

Mai gadin ma ba ya barci, kuma nan ne na fi ganin amfaninsu. A Afrilun 2017 gwamnatin Turkiyya ta rufe Wikipedia gaba ɗaya saboda wasu bayanai da ba su yi mata daɗi ba, ta ce a cire. Gidauniyar ta ƙi, ta bi ta kotu, aka yi ta ja har kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukunci a Disambar 2019 cewa rufewar ta take haƙƙin faɗin albarkacin baki, aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2020, daidai ranar da Wikipedia ta cika shekara 19. Kusan shekara uku fa kenan suna asarar masu karatu na ƙasa guda, kamfanin da ke neman riba da tuni ya goge layukan nan ya huta. Akwai kuma wanda ya faru a Faransa a 2013, hukumar leƙen asirin cikin gida ta nemi a goge wata maƙala kan wata tashar sadarwar soja da ke Pierre-sur-Haute, gidauniyar ta ce a nuna mata wane sashe ne sirri tunda bayanan a fili suke, ba a nuna ba, ta ƙi gogewa. Sai hukumar ta kira wani admin ɗan sa kai ta matsa masa ya goge. Ba a jima ba wani edita daga wajen ƙasar ya dawo da ita, maƙalar da ba kowa ya san da ita ba ta zama wadda aka fi karantawa a Wikipedia ta Faransanci a kwanakin, har aka fassara ta zuwa wasu harsuna. Garin neman gira aka rasa ido. Sin kuwa tun 2019 ta toshe duk harsunan kuma har yau ba a sassauta rubutu dan a faranta mata ba. Ni edita ne ƙarami, ba ni da lauya, to sanin cewa akwai wasu da aikinsu kenan su tsaya a kotu yana sa mutum ya rubuta gaskiya hankalinsa a kwance.

Ba kowace tsayuwarsu ce ta kwanta min ɗari bisa ɗari ba dai. Rigimar hoton birin nan na Indunusiya da ya danna kamarar David Slater ya ɗauki kansa, a 2014 mai kamarar ya ce a cire daga Commons, gidauniyar ta ce a'a, biri ne ya ɗauka kuma biri ba shi da haƙƙin mallaka. A doka suna da hujja, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ma ya ce abin da ba ɗan adam ne ya yi ba ba a yi masa rajista. Amma wallahi na tausaya wa bawan Allahn, shi ya yi tafiyar, shi ya shiga dajin da kayansa.

Sai kayan aiki. Wanda na fi so a duk abin da suke bayarwa shi ne Wikipedia Library, kuma abin mamaki editoci da yawa ba su ma san da shi ba. Idan akawun ɗinka ya kai wata shida, ka yi gyara 500, ka yi aƙalla 10 a kwana 30 da suka wuce kuma ba a toshe ka ba, shi kenan, za ka shiga rumbunan mujallun ilimi irin su JSTOR kyauta. Na tuna ranar da na fara shiga. Akwai wata takardar bincike da na daɗe ina nema, duk sanda na je sai a nuna min shafin farko kawai a ce in biya kafin in ga sauran, na haƙura na bar maƙalar da nake rubutawa rabi. Ranar na shiga da sunan da nake gyara da shi, na rubuta taken takardar, na danna, sai ga ta duka ta buɗe har da jadawalin da ke ƙarshe. Na zauna ina ta gangarawa ƙasa ina komowa sama kamar wanda bai yarda ba. A daren na gano ma shekarar da na saka a maƙalar kuskure ce, daga wani shafin intanet na kwaso ta, na gyara. Wanda ba ya jami'a, ba shi da katin laburare, wannan kaɗai ya isa lada.

Akwai kuma manhajar fassara da suka fito da ita a 2015, wadda ke ajiye maka maƙalar asali a hagu, taka a dama, ta kwaso maka hotuna da madogara. Tana sauƙaƙa aiki sosai, amma ita ce kuma ta taɓa kunyata ni, kuma laifina ne. Ina sauri, na bar fassarar inji kusan yadda take, na ɗan taɓa kalma biyu uku na danna wallafa. Ta ƙi. Ta fito min da gargaɗi cewa yawancin rubutun ban taɓa shi ba. Na ji haushi, na koma na karanta a hankali dan in nuna mata ba ta san komai ba, sai na ci karo da wata jimla da injin ya mayar da sunan wani gari ya zama sunan abu, ma'anar ta juye gaba ɗaya, da na wallafa da yara 'yan makaranta sun kwafa a haka. Tun ranar na daina faɗa da gargaɗin nan. Matsalar ita ce ba kowa ke komawa ya karanta ba, wasu canza kalmomi kawai suke yi har injin ya bar su su wuce, shi ya sa a ƙananan harsuna za ka buɗe maƙala ka karanta sakin layi guda ba ka gane me ake nufi ba alhali da harshenka aka rubuta. Wannan ciwon yana damuna fiye da komai, kuma ina ganin mai ba da kayan aikin da masu amfani da shi duk suna da rabonsu a ciki.

Hakan ya kawo ni maganar tallafi. Gidauniyar tana ba ƙungiyoyin editoci da ɗaiɗaikun mutane kuɗi su shirya horo, gasar hotuna, taron gyara, akwai ƙaramin tallafi na gaggawa da ke kaiwa dala 5,000, akwai manya na shekara ga ƙungiyoyin da suka kafu. Ana rubuta buƙatar a fili, kowa na iya karantawa ya yi tambaya, bayan an gama a kawo rahoto da bayanin yadda aka kashe. Suna kuma ɗaukar nauyin wasu zuwa Wikimania, taron shekara da aka fara a Frankfurt a 2005, an yi a Iskandariya a 2008, Cape Town a 2018, Nairobi a 2025. Tsarin a takarda yana da kyau kuma ya shigo da mutanen da da ba za su taɓa sanin ana iya danna "gyara" ba. Amma duk inda kuɗi ya shiga sai hali ya canza. Idan abin da za ka rubuta a rahoto shi ne maƙala nawa aka ƙirƙira da mutum nawa suka zo, to adadi za a bi, a yi maƙala ɗari masu layi bibbiyu, a ɗauki hoto, a watse, bayan wata uku ka duba ko mutum biyar ba su dawo ba. Wanda kuma ya zauna shi kaɗai shekara da shekaru yana goge ɓarna yana gyara rubutun wasu, shi ba ya cikin kowane rahoto.

To yanzu ga inda abokina yake da ɗan gaskiya. Kuɗin da ke shiga gidauniyar a 'yan shekarun nan ya haura dala miliyan 150 a shekara, mafi yawansa daga ƙananan gudummawar masu karatu ne. Kuɗin ajiye shafukan a intanet shi kansa 'yan miliyoyi ne kawai a ciki, babban kason yana tafiya ne a albashin ɗaruruwan ma'aikata, injiniyoyi da lauyoyi da sauransu, sai tallafi. Ban ce albashin haramun ba ne, saba ba ta kula da kanta, manhajar MediaWiki da Wikipedia ke aiki a kanta ba ta gyara kanta. Sannan suna da asusun ajiya na dindindin da aka buɗe a 2016 wanda ya kai dala miliyan 100 a 2021. Duk wannan ba ɓoyayye ba ne, rahoton masu binciken kuɗi yana nan a shafinsu kowa ya karanta, na yaba musu a nan. Abin da ban yaba ba shi ne salon roƙon. Shekaru aka yi saƙon yana zuwa da murya kamar gobe za a kashe fitila idan ba ka ba da dala 2.75 ba, har mai ƙaramin ƙarfi ya ji kamar shi ne zai ceci Wikipedia. Editocin Wikipedia ta Turanci da kansu suka gaji, a ƙarshen 2022 suka yi muhawara a fili suka ƙi amincewa da kalmomin da aka shirya sakawa, dole gidauniyar ta sassauta su. Tun daga nan saƙon ya ɗan yi hankali. Amma a ce sai da masu aikin kyauta suka taka wa masu karɓar albashi birki kan faɗin gaskiya, abin da ɗan kunya.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba, nan ne babban rauninsu a ganina, jin magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo amma sau da yawa sai an gama gini ake tambayarsa. A 2013 suka kunna VisualEditor, wata sabuwar hanyar gyara shafi ba sai ka san alamomin rubutu ba, ga kowa a Wikipedia ta Turanci tun bai nuna ba, yana ɓata shafuka, editoci suka yi ta ƙorafi har suka kashe shi da kansu bayan wata biyu da wani abu. Yau kam ya gyaru, da shi nake koya wa sababbi, amma gaggawar ta jawo masa baƙin jini na shekaru. A 2014 aka yi wanda ya fi muni, editocin Jamusanci suka ƙi wata sabuwar hanyar nuna hotuna, sai gidauniyar ta ƙirƙiro wani makulli mai suna Superprotect wanda ko admin ba zai iya buɗewa ba, ta kulle shafin da suke son gyarawa. Sai a 2015 aka cire shi. A 2016 shugabar gidauniyar Lila Tretikov ta sauka bayan rigimar wani shirin injin bincike da aka yi ta ƙumbiya-ƙumbiya a kansa. A 2023 aka kashe manhajar da ke zana jadawali a cikin maƙaloli saboda matsalar tsaro, dubban shafuka suka zauna da akwatin ban haƙuri a inda zane yake, aka daɗe sosai kafin a kawo madadinta. A 2025 kuma suka so gwada taƙaita maƙaloli da ƙirƙirarriyar basira (AI) a saman shafi, editoci suka yi ca, aka dakatar cikin 'yan kwanaki. Kullum salon ɗaya ne, a yi, a sha suka, a janye, a ba da haƙuri. Abin da zan ce a madadinsu shi ne aƙalla suna janyewa, kuma duk faɗan a fili ake yinsa, kana iya zuwa ka karanta yadda edita ke wanke babban ma'aikaci tas a shafin tattaunawa ba wanda ya goge. Editoci ma suna zaɓen wasu daga cikin kwamitin amintattun da ke jagorantar gidauniyar. Ku gwada haka da kowane kamfanin sada zumunta ku gani.

Wani abin da ya ɗan sauya min tunani kan kuɗin shi ne zuwan AI. Duk abin da muka rubuta a ƙarƙashin lasisin CC BY-SA yake, kowa na iya ɗauka har ya yi kasuwanci da shi muddin ya faɗi inda ya samo kuma ya bar shi a buɗe, Wikidata ma ko wannan sharaɗin babu. To manyan kamfanoni sun ɗauka iya ɗauka. A Afrilun 2025 gidauniyar ta ce datar da ake ja wajen sauke hotuna da bidiyo ta ƙaru da kashi 50 cikin ɗari tun Janairun 2024, kuma akasari ba mutane ba ne, bot ne, wato manhajoji masu aiki da kansu, ke kwasa dan horar da injunan AI. Shi ya sa ban ga laifin Wikimedia Enterprise ba, sashen da suka buɗe a 2021 inda manyan masu kwasa irin su Google ke biya a ba su bayanan ta bututu na musamman, mu kuma namu ya ci gaba da zama kyauta. Da farko na yi tsaki da na ji, na ce an fara sayar da guminmu kenan, amma da na duba ba rubutun ake sayarwa ba, saurin isarwa ne, kuma gara mai ƙarfi ya biya kuɗin wutar da yake sha da a ci gaba da tatsar ɗalibai. Gardin gaskiya a wannan wasan in ana nemansa, ina ganin can wajen ya kamata a duba.

Idan taurari ake so, saba da lauyoyi da laburare biyar cikin biyar ba tare da na yi dogon tunani ba. Tallafi uku da rabi. Sauraron editoci kafin a yanke shawara biyu, kuma na yi musu adalci. Mai karatu da ke da hali ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuɗinsa ba zai shiga aljihun wani attajiri ba, amma kada ya bayar dan tsoron wai shafin zai mutu gobe, ba zai mutu ba. Wanda ba shi da hali kuma kada ya ji komai, ya gyara kuskuren rubutu ɗaya a maƙalar da ya karanta ko ya ƙara madogara, an fi buƙatar wannan.

Jan rubutun nan na daren kuwa, ashe alamar rufe madogarar ce na manta ban saka ba, harafi shida kacal suka cinye min kusan awa ɗaya. Abokin nawa kuma bayan sati biyu ya dawo da fara'arsa, wai tunda na san mutanen ciki in buɗe wa ɗan kamfaninsa shafi, in ya so shi zai tura wa gidauniyar gudummawa mai kauri dan kada a taɓa shi. Na ce masa jaridu nawa ne masu zaman kansu suka yi rubutu a kan kamfanin? Ya ce akwai shafinsu na Facebook. Na ce to ko dala miliyan ka tura, wani yaro ɗan sa kai da ba ka san a wace ƙasa yake ba zai saka masa alamar gogewa kafin gari ya waye, kuma babu wanda za ka kira a San Francisco ya hana shi. Ya ce wannan wace irin ƙungiya ce da kuɗi ba ya aiki a cikinta, ya ɗauki makullin mashin ɗinsa ya fita.